Ƙanƙarar Pitowa

Kawu Mairiga bai taɓa wuce Ngaundare ba.
Iyakar sanyin da ya sani
shi ne na randa, da na Binuwai kafin asuba.
Amma akwai wani kati a bangon shagonsa a Garwa,
wani direba ya bar masa a madadin kuɗin hoto:
itace guda tsirara, hanya ta ɓace,
ko'ina fari fat,
sai wani mutum can nesa kamar ɗigon tawada.

Dusar ƙanƙara ce, in ji direban.
Kawu ya ce, ashe ita ma ƙanƙarar surfa ta ake yi?

Shekara uku yana satar kallon katin nan
tsakanin masu neman hoton katin shaida,
ɗaga haɓa, kar ka ƙifta, na gaba.
Ba farin ne ya hana shi barci ba,
shirun ne.
Ya ce wanda ya ɗauki wannan
bai damu a gane fuskar kowa ba.

Ranar wata kasuwar auduga
ya ɗaure akwatin a bayan keke, ƙafafu uku na leƙe,
ni a gaba, shekarata tara,
muka kama hanyar Pitowa da sauran duhu.
Auduga tuli-tuli, ba a fara awo ba,
ta kwanta har gindin wata kuka da ta zubar da ganye.
Ya sa wa Bawuro ɗan mai gadi kwat ɗin aro,
ya ce, tafi, kar ka waiwayo,
tafi kamar an aike ka gidan da ba ka so.

Sai ya hura numfashi a idon kyamarar
kamar mai tofa addu'a,
kafin hucin ya bushe ya shige baƙin ƙyalle,
ya buɗe, ya ƙirga a zuci, ya rufe.
Masu awo suka ce, Allah ya shirya,
ga mutane tsaye, ya rasa abin ɗauka sai auduga.

A ɗakin duhu na fashe da kuka,
gilashin ya fito baƙi ƙirin.
Na ce ta ƙone!
Ya ce, Tasalla, haka fari yake kwana,
bari mu tashe shi.

Jar fitila, takarda cikin ruwan magani,
yatsunsa da suka rine suna rarrashinta.
Kukar ce ta fara zuwa, reshe bayan reshe,
sannan Bawuro, ɗan mitsitsi.
Ƙanƙarar kuwa ba ta zo ba,
tun can tana nan, ita ce farin takardar.
Ya ce, kin gani? Rabin aikin nan
sanin inda ba za ki taɓa ba ne.

Ba wanda ya taya ko sefa biyar.
Wata mata ta tambaya ko ruwa ne ya ɓata shi.

Bara ɗana Bakari ya turo mini ta gaske a waya
daga inda yake karatu,
ta kai masa gwiwa, jar hula, haƙora a waje,
komai tar, har zaren rigarsa ana iya ƙirgawa.
Na ce tubarkalla, na kife wayar,
na je ƙasan adaka na ciro na Kawu.
Gefensa ya yi ja.
Sai yanzu da tabarau na lura
Bawuro ba takalmi,
ga kuma akuya a kusurwa ta cusa baki cikin hunturun.

Watan azumi ne, Garwa tana tafasa,
an ɗauke wuta tun safe.
Na daɗe ina kallo.
Ban san sa'ad da na jawo mayafi ba.